Wanda Ya Zauna da Wanda Ya Tafi: Sunan Na Wane Ne?

Shekara uku ke nan da abokin aikina ya bar tasharmu, amma har yau da wuya a yi daren Alhamis biyu a jere ba a samu mai kira ya tambaye ni inda yake ba. Wata tsohuwa da ke kiranmu daga wani ƙauye a yankin Maraɗi ita ta fi kowa naci. Takan gaishe ni, ta tambayi iyali, ta yi mini addu'a, sannan ta ce, "Ɗana, ina ɗan uwan naka? Shirin nan fa naku ne ku biyu." Nakan yi dariya in ce, "Yana nan lafiya, Inna," in saka waƙa. Da zarar na kashe makirfo sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ni ne na zauna. Ni ne na sha watannin da albashi bai zo ba, ni ne na zo aiki ranar da ruwa ya cinye hanya, na riƙe shirin har ga shi yana shirin cika shekara goma. Amma a kunnen tsohuwar nan rabin shiri nake gabatarwa.

Wannan ya sa na daɗe ina juya wata tambaya a raina. Idan mutane suka haɗu suka gina abu, suka raɗa masa suna, daga baya wasu suka tafi wani ya zauna, sunan na wane ne? Shi kuma wanda ya zauna, zamansa kaɗai ya isa a kira shi mai riƙon amana? Abin da ya taimake ni wajen tunanin ya zo ne daga inda ban zata ba, wato tarihin wani makaɗin jita ɗan ƙasar Rasha mai suna Vladimir Kholstinin. Bari in faɗi yadda aka yi na san shi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin ɗaliban Nijar da suka samu gurbin karatu a Tarayyar Sobiyet. Ya yi karatun injiniya a Mosko a ƙarshen shekarun 1980, ya dawo da takardar shaida, da hular sanyi mai kunnuwa wadda ba ta taɓa yi masa rana a Maraɗi ba, da kwali guda na kaset-kaset. Ina yaro, in na je gidansa hutu, akwai wani kaset da yakan saka in yana wanke mota. Matarsa takan ce to, an fara fasa kwanoni. Mu yara kaset ɗin aljanu muke ce masa. Sai da na girma na shiga aikin rediyo, na fara sauraron kiɗa da kunnen mai aiki, sannan na tambaye shi ko su wane ne. Ya ce sunan ƙungiyar Aria, kundin kuma Geroy Asfalta, wato Jarumin Kwalta. Ya ce a zamaninsa samarin Mosko har a bangon gidaje suke rubuta sunan nan.

Kiɗan da suke yi shi ne wanda Turawa ke kira hebi metal, ma'ana ƙarfe mai nauyi. Jitar lantarki ce ake ƙure wa murya har ta riƙa gurnani, ga ganguna masu gudu, ga mawaƙi yana ɗaga murya sama kamar mai kiran wani daga ƙetaren kogi. Wanda ya saba da jitar Agadas zai gane kayan aikin, sai dai ta Agadas tafiyar raƙumi take yi, wannan kuwa gudun babur. A Ingila aka haifi salon, a hannun ƙungiyoyi irin su Black Sabbath da Judas Priest da Iron Maiden. Aria ta ɗauki abubuwa da yawa daga Iron Maiden, har masu suka na yi mata gori da haka, amma da harshen Rashanci take rerawa, kuma a wannan salo babu wadda ta kai ta suna a ƙasar. Ba na neman mai karatu ya so kiɗan, ni kaina ba kullum kunnena ke ɗauka ba. Rayuwar mai jitar ce ta kama ni.

An haifi Kholstinin a 1958 a Lyubertsy, wani gari a gefen Mosko. Ya yi karatu a cibiyar koyon injiniyancin makamashi ta Mosko, a can ya haɗu da Vitaly Dubinin suka kafa ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai. A Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci mutum ba ya tashi kawai ya tara jama'a ya yi wasa ya karɓi kuɗi. Dole ƙungiya ta kasance ƙarƙashin hukumar wasanni ta gwamnati, kwamiti ya saurari waƙoƙinta ya amince da baitocin, kuma kamfani ɗaya ne na gwamnati, Melodiya, ke buga faifai. Wanda bai samu wannan hanya ba, sai dai a riƙa kwafar kiɗansa daga kaset zuwa kaset, hannu zuwa hannu. Kholstinin ya samu inuwa a wajen Viktor Vekshtein, shugaban wata ƙungiyar kiɗa mai rajista da ake kira Poyushchie Serdtsa, wato Zukata Masu Waƙa. A ƙarƙashin wannan inuwa ne shi da mai jitar bas Alik Granovsky da mawaƙi Valery Kipelov suka haɗa kundinsu na farko, Mania Velichia, Haukan Girman Kai, a 1985, shekarar da Gorbachev ya hau mulki. Ranar 31 ga Oktoba ta wannan shekara ita ce ƙungiyar ke ƙirgawa ranar haihuwarta.

Ba a je ko'ina ba rigima ta kunno kai. A 1986 suka fitar da kundi na biyu, wanda sunansa a Hausa zai zama "Kai da wa kake?", sai ka ce duba aka yi musu. Sabon mai jita Andrei Bolshakov shi da Granovsky ne suka tsara mafi yawan kiɗansa. Bayan haka aka samu saɓani da Vekshtein, mutum huɗu cikin shida suka fice a tashi ɗaya, har da Granovsky wanda aka kafa ƙungiyar da shi. Suka kafa tasu mai suna Master, suka tafi da waƙoƙinsu, aka bar Kholstinin da Kipelov su biyu riƙe da suna. Aka kira tsohon abokin Kholstinin, wato Dubinin, ya karɓi bas, aka ɗauko Sergey Mavrin a jita ta biyu da Maxim Udalov a ganguna. Waɗannan biyar ne suka yi Jarumin Kwalta a 1987, kaset ɗin nan na kawuna, wanda Melodiya ta buga a faifai, kuma har yau masoyansu da dama shi suke ɗauka gwarzon aikinsu. Ka ga ke nan, abin da jama'a ke kira Aria ta asali gini ne na biyu da aka tayar a kan kufai.

Bayan ɗan lokaci su ma suka rabu da Vekshtein, suka fitar da kundin Wasa da Wuta a 1989 ba tare da shi ba. A ƙarshen 1991 Tarayyar Sobiyet ta rushe, kuɗi ya lalace, wasanni suka yi ƙaranci. Mawaƙin da dubban mutane ke yi wa tafi ya koma aikin gadi don ya ciyar da iyali, mai jitar kuma ya riƙa kabu-kabu da motarsa. Duk da haka ba su binne sunan ba. Kholstinin da Dubinin suka buɗe situdiyo tasu, Mavrin ya tafi a 1995, Sergey Terentyev ya maye gurbinsa, aka ci gaba.

Babbar girgiza ta zo a 2002, lokacin da ƙungiyar ke ganiyarta, tana cika manyan filaye, har tana hawa dandamali da cikakkiyar ƙungiyar masu goge irin ta Turai. Kipelov, muryar da aka san Aria da ita shekara 17, ya tafi. Terentyev da mai ganguna Alexander Manyakin suka bi shi. Wasansu na ƙarshe tare an yi shi a Luzhniki ranar 31 ga Agusta, masoyansu kuma ranar hisabi suke kiran wannan rabuwa. Kowane ɓangare ya faɗa wa ƴan jarida nasa dalilin. Sabuwar ƙungiya ta ɗauki sunan mawaƙin, Kipelov, Mavrin ma ya shigo cikinta, sai ya zama huɗu daga cikin biyar ɗinta tsofaffin ƴan Aria ne. Suna ya zauna a hannun Kholstinin da Dubinin. Suka dawo da Udalov, suka ɗauko mai jita Sergey Popov wanda daga Master ya fito, da mawaƙi Artur Berkut, wanda Kholstinin ya taɓa aiki da shi tun zamanin ƙungiyar ɗalibai. A 2011 aka rabu da Berkut, aka kawo Mikhail Zhitnyakov, wanda yaro ne ƙarami lokacin da aka kafa ƙungiyar. Cikin mutanen da suka yi kundin 1985, Kholstinin kaɗai ya rage, kuma shi kaɗai ne bai taɓa fita ba.

Kunnen Bahaushe zai ji wannan labari banbaraƙwai. A wajenmu suna na maƙogwaro ne. Ba mu san ƙungiyar Shata da wani suna ba sai Shata. Masu kalangu da ƴan amshi, duk ƙwarewarsu, a bayansa suke. Da ya rasu a 1999 babu wanda ya yi tunanin a ɗauko wani mawaƙi a ce Shata na nan yana ci gaba. Abin da tsohuwar Maraɗi ke faɗa mini ke nan: ita murya ta sani, babu ruwanta da jadawalin shirye-shiryen tasha. Masoyan Aria da yawa ma haka suka ce a 2002, wai in babu Kipelov babu Aria. Amma muna da wata al'adar da ke faɗin akasin haka. Sarauta ba ta mutuwa don sarki ya mutu. Sarkin makaɗa na yau ba shi ne na zamanin kakanninmu ba, tamburan ma an sha sauya musu fata, amma babu mai cewa wata sarauta ce daban. Gidan ƙasa kuwa ana yi masa yaɓe, ana tayar da katangar da damina ta kayar, har a wayi gari babu dunƙulen ƙasar da kaka ya taɓa da hannunsa, amma gidan kaka ake ce masa. Ashe mu ma amsa biyu gare mu, kowa na ɗaukar wadda ta fi masa daɗi a ranar.

Duk wanda ya yi ajin ƙarshe na lise a Nijar ya sha darasin falsafa, kuma a can na fara jin cewa mutanen Girka sun yi wannan gardama tun da daɗewa. Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan jaruminsu Theseus, wanda mutanen birnin Atina suka adana shekara da shekaru, duk katakon da ya ruɓe a cire a sa sabo, har masana suka rabu biyu: wasu na cewa jirgin nan ne dai, wasu na cewa wani ne daban. Bayan ƙarnuka, Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa maganar ƙulli. Ya ce to, a ce wani yana bi yana tsince tsofaffin katakan da aka cire, ya harhaɗa su ya gina jirgi, wanne ne na Theseus cikin biyun? A aji mun ɗauki wannan wasa da hankali ne, ashe yana faruwa da mutane masu rai. Ya faru da Aria sau biyu: a 1987 tsofaffin katakai huɗu suka haɗu suka zama Master, a 2002 wasu huɗu suka haɗu suka zama Kipelov. In ƙirgar katako za a yi, jirgin da ya tafi ya fi wanda ya zauna kama da na jiya. Ni ma haka ta same ni. Abokina ya tafi da mai haɗa mana sauti da yarinyar da ke karanta saƙonnin masu sauraro, suka buɗe nasu shirin a intanet. Uku cikin huɗu suna can, ni da suna da daren Alhamis muna nan.

Ba zan ɓoye ba, lokacin da na duƙufa kan tarihin Kholstinin mai shaida nake nema. So nake a ce mini wanda ya zauna shi ne mai gaskiya. Kuma akwai abin faɗi a nan. Mai tafiya sau ɗaya yake yanke shawara, a yi surutu kwana biyu a wuce. Mai zama kuwa kowace safiya sai ya sake yanke tasa, ba tare da kowa ya tafa masa ba. Mutumin da ya wuni yana ɗaukar fasinja sannan ya koma ya ɗauki jita, don kada wani suna ya mutu a lokacin da sunan ba ya kawo ko kuɗin burodi, ya yi wani abu da ya cancanci a girmama. Ba don wanda ya zauna ba, da babu gidan da masu tafiya za su waiwaya su ce nan muka fito. Na riƙa faɗa wa kaina mahaƙurci mawadaci, ina jin daɗi.

Da na ƙara dubawa sai mai shaidar nawa ya fara ba da shaida a kaina. Shi Kholstinin ɗin ma ya taɓa barin wani, domin yana cikin waɗanda suka rabu da Vekshtein, mutumin da ya buɗe musu ƙofa lokacin da ƙofofi ke rufe. A 2011 kuma ƙungiyar da yake jigo a cikinta ce ta yanke shawarar rabuwa da Berkut, wanda ya tsaya mata shekara tara yana shan gorin cewa shi ba Kipelov ba ne. Sannan waɗanda suka tafi ba su lalace ba. Master ta yi suna, Kipelov ya cika filaye da sunan kansa. Nasara ba hujjar gaskiya ba ce, amma ta nuna cewa abin da suka tafi da shi nasu ne, ba sata suka yi ba.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne gane cewa ba kowane zama ne jarumta ba. Wani tsoro ke zaunar da shi, wani ba shi da wajen zuwa, wani kuma don makulli a hannunsa yake. Zuciyar Kholstinin tsakaninsa da Mahaliccinsa ce, tawa ce nake da ikon bincikawa. Da na bincika sai na tarar cewa ranar da abokina ya ce in zo mu tafi tare, ba masu sauraro ne suka fara faɗo mini a rai ba. Kuɗin haya ne, da matata mai tsohon ciki, da fargabar barin abin da na saba. Daga baya ne na ɗinka wa tsoron riga na kira shi amana.

Ga kuma abin da na yi bayan tafiyarsa. Cikin mako guda na sa aka sake naɗar taken shirin, aka cire muryarsa. Kwanan baya da aka ce in rubuta tarihin shirin don bikin cika shekara goma, na rubuta shafi biyu babu sunansa ko sau ɗaya. Na yi ta cewa muka fara, muka jure, muka ci gaba, na bar "mu" ɗin ya haɗiye shi. Na kai wa Kawu ya duba mini, ina jiran yabo. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Kai kaɗai ka haifi shirin nan?" Na ce, "Kawu, shi fa ya tafi ya bar ni da shi." Ya ce, "Na ji. Uban da ya yi tafiya, ana goge sunansa daga takardar haihuwa?" Na yi shiru. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko kaset ɗin nan, takardar jikinsa duk ta koɗe, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ƙasar da na sayi wannan a cikinta babu ita yau. Takardar shaidata hatimin ƙasar da ta mutu ne a kanta, kuma ban taɓa kankare shi ba, don can aka koya mini. Ɗana, riƙe suna ba wuya. Ranar tambaya, abin da ka yi da shi za a tambaye ka."

Tun daga ranar na daina kallon suna kamar gonar da aka bar mini. Na gane bashi ne, kuma duk wanda ya zauna da shi ya gaji masu bin bashi kashi biyu. Na farko su ne masu sauraro. Wanda ya sayi tikiti don ya ga an rubuta Aria, ko ya kunna rediyo daren Alhamis don ya san lokacin shirin ne, alkawari ya biyo, na cewa abin da zai samu ya kai darajar abin da ya saba. Wannan bashi da sabon aiki ake biyansa. A nan ne nake ganin Kholstinin ya fita kunya, domin bayan kowace rabuwa ƙungiyar ta koma situdiyo. Bayan ta farko aka samu Jarumin Kwalta. Bayan ta 2002 suka fitar da kundi a 2003. Bayan ta 2011 suka fitar da wani a wannan shekarar, suka sa masa sunan tsuntsun almara da ke tashi daga toka, Feniks, wasu kuma suka biyo baya a 2014 da 2018. Ana iya gardama ko sababbin sun kai na da, masoyansu ma kullum suna yi. Amma mai cin gado zalla ba ya wahalar da kansa haka, tsofaffin waƙoƙi sun ishe shi ci har ƙarshen rayuwarsa.

Masu bin bashi na biyu su ne waɗanda suka tafi. Guminsu na cikin sunan, kuma tafiya ba ta wanke gumi. Ba a ce wanda ya zauna ya roƙe su su dawo ba, ba a kuma ce ya yarda su ne da gaskiya ba. Abin da ke wuyansa shi ne kada ya yi ƙarya a kan asali. A 2008, a bikin cikar Jarumin Kwalta shekara 20, Kipelov da Mavrin sun hau dandamali tare da Aria, aka yi waƙoƙin tare, sannan kowa ya koma gidansa. An sake irin wannan haɗuwa da ƙungiyar ta cika shekara 25, da kuma 30. Ba su koma ƙungiya ɗaya ba, kuma wani zai ce ai lissafin kuɗi ne, tunda irin wannan wasa na cika fili. Ko da haka ne, an tsaya a gaban jama'a an amsa cewa gidan nan hannu da yawa ne suka gina shi. Ni ko wannan ban yi ba.

Wanda ya tafi ma yana da nasa bashin: kada ya tsaya a waje yana jifan ɗakin da ya taɓa kwana a ciki, kada ya ce wanda ya zauna gawa yake gadi. Na sha sauraron shirin abokina a ɓoye ina jiran in ji ya yi mini habaici, ban taɓa ji ba. Ranar da wani ya tambaye shi labarin tsohon shirinmu, cewa ya yi a can ya koyi aiki, ya ambaci sunana, ya wuce. Wato wanda nake kira mai gudu ya biya nasa, ni mai kirarin amana nake riƙe da haƙƙin wani.

To, sunan na wane ne? Amsar da na tsaya a kai ita ce, wanda ya zauna shi ke riƙe shi, saboda dole wani ya riƙe, kamar yadda ake barin makullin gidan gado a hannun ɗan da ke zaune a gari. Shi zai share tsakar gida, shi zai toshe yoyo, shi baƙi za su tarar, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma riƙe makulli bai mayar da gidan nasa shi kaɗai ba. Ranar da ya fara ce wa baƙi shi ya gina, ranar ya tashi daga mai riƙo ya koma mai ƙwace, ko da bai taɓa kwana a waje ba.

Na yaga shafi biyun nan na sake rubutawa, sunan abokina a layin farko, da na mai sauti, da na yarinyar saƙonni. Na lalubo tsohon taken a kwamfutar tasha, muryarsa na nan da tawa, muna magana da sauri irin na waɗanda ba su san abin da ke gaba ba. Makon jiya na kira shi. Mun yi doguwar gaisuwa irin ta masu tsoron shiga magana, har muka tambayi lafiyar mutanen da muka manta da su. Daga ƙarshe na ce masa bikin watan gobe ne, kujerarsa na nan in ya ga dama. Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba. Ko ya zo ko bai zo ba, da tsohon take zan buɗe shirin wannan dare. In kuma tsohuwar Maraɗi ta kira ta ce shirin namu ne mu biyu, zan ce mata, "Gaskiyarki, Inna," kafin in saka waƙa.

Allah Ya ba mu ikon sauke abin da muka ɗauka.